Sunana Arwa, Kuma Na Daina Ɓoye Shi

Mahaifina ya rasu ban kai shiga makaranta ba. Abin da na riƙe nasa kaɗan ne: muryarsa idan yana karatu da asuba, da wani laƙabi da yake kirana da shi, da kuma sunan da ya sa mini. Mutum ne da ya yi karatun Larabci mai zurfi, kuma duk wanda ya san shi ya ce ba ya yin abu da ka. Shi ya zaɓi Arwa. Da mahaifiyata ta tambaye shi dalili, sai ya ce sunan gwaggon Manzon Allah ne (SAW), ita kuwa wannan ya ishe ta, ba ta ƙara tambaya ba. Ba wanda ya zaci zai tafi da sauran bayanin a cikinsa.

Duk mai jin Hausa ya san abin da kunne yake fara ji idan an ce arwa. Duba ne, aikin masu cewa sun san gobe. Kalmar Hausar da sunan Larabcin ba su haɗa komai ba, sauti ne kawai ya zo ɗaya, amma yaro ɗan shekara bakwai ina ruwansa da wannan? Tun ranar da aka fara kiran sunayenmu a aji na zama abin wasa. Su miƙo mini tafin hannu su ce in duba musu ko za su ci jarrabawa. Idan alƙalamin wani ya ɓace, a ce a tambayi mai arwa. Manya ma ba su bar ni ba. Akwai matar da ta dube ni a gaban mahaifiyata ta ce, "Ikon Allah! Duk sunayen duniya a rasa na sa wa yarinya sai wannan?" Na ga yadda fuskar Umma ta canza. Ta ce sunan gwaggon Annabi ne, matar ta ce ita dai Safiyya ta sani. Aka yi shiru. Umma ba ta da hujjar da ta wuce wannan jimla ɗaya da mijinta ya bar mata, ni ma haka.

Wanda ya fi yi mini ciwo ya zo ne ina kusan shekara goma sha biyu. Malaminmu yana fassara mana surar Tabbat Yada, ya kai kan matar Abu Lahabi mai ɗaukar itace, sai ya ce alkunyarta Ummu Jamil, ainihin sunanta kuwa Arwa 'yar Harbu, 'yar'uwar Abu Sufyan. Gaskiya ya faɗa, haka yake a tarihi, kuma ban yi zaton ya tuna ina zaune a wurin ba. Amma ajin duka ya juyo ya kalle ni. Daga ranar na sami sabon laƙabi, mai ɗaukar itace. Na koma gida ban ci komai ba, na tambayi Umma ko Baba ya san da wannan lokacin da ya zaɓa mini sunan. Ta rungume ni kawai, tana hawaye ina hawaye.

Da na canza makaranta sai na ƙara harafi ɗaya a gaba, na zama Marwa. Suna ne mai daɗi, kowa ya san Safa da Marwa, ba mai tambayar ka dalili. Dama masu rubuta takardu sun sha mayar da ni Marwa, ko Hauwa, har da Arewa, don haka ban sha wahala ba. Ƙawayen da na yi a shekarun nan duk da Marwa suka san ni. Na sami sauƙin tsokana, wannan gaskiya ne. Amma duk sanda aka kira ni na amsa, sai in ji wani abu ya tsaya mini a ƙirji, domin abu guda da mahaifina ya ba ni da bakinsa shi ne nake turawa ƙarƙashin tabarma.

A jami'a ne asirin ya tonu, domin can sunan da ke kan takardar haihuwa ake kira. Muna da wata malamar Larabci, dattijuwa 'yar ƙasar Sudan. Ranar farko tana bin jerin sunaye ta iso kaina, ta ɗago kai, ta maimaita sunan yadda ban taɓa jin an faɗe shi ba, da jan wasalin ƙarshe, a hankali. Ta ce, "Wace ce Arwa?" Na ɗaga hannu a sanyaye ina jiran dariya. Ta ce sunan ƙanwarta ke nan, kuma ba ta taɓa cin karo da shi a nan ba sai yau. Bayan darasi ta kira ni ofishinta ta ce, "'Yata, kin san ma'anar sunanki?" Na ce sunan gwaggon Annabi ne. Ta ce wannan mai sunan ce, ita ma'anar take tambaya. Na yi shiru.

Ta ce arwa a Larabci su ne matan akuyar dutse, guda ɗaya ana ce mata urwiyya, namijin kuma wa'alu. Wallahi da na ji kalmar akuya sai da gabana ya faɗi. Na tsere wa duba, na tsere wa matar Abu Lahabi, ashe akuya ce ke jirana a gaba. Mun san abin da ake nufi idan aka kira mace da wannan a harshenmu. Ta lura da fuskata, ta yi murmushi ta ce in cire akuyar da na sani daga raina, wannan dabbar daji ce da mutum zai yi shekaru a ƙasarsu bai ganta kusa ba. Ta buɗe kwamfutarta ta nuna mini.

Na daɗe ina kallo. Dabba ce mai launin yashi, ƙafafunta da zanen fari da baƙi, tana tsaye a gefen wani dutse da yake miƙe kamar bango, a wurin da ban ga inda za a ajiye ko yatsa ba. A bayanta ga ɗanta, ɗan mitsitsi, yana bin sawunta. Daga baya na karanta abin da ya sa take iya haka. Kofatonta a rabe yake biyu, gefensa mai tauri ne yana kama ɗan tudun da ido ba ya gani, cikinsa kuma mai taushi ne yana manne wa dutse. Tana zaune a duwatsun hamada na Yemen da Oman da Saudiyya da Sina'i, da gabar Bahar Maliya ta ɓangaren Masar da Sudan. Namijin yana da ƙaho mai lanƙwasa baya da kan kai tsawon mita guda, macen nata gajere ne, jikinta ma bai kai nasa ba. Matan suna tafiya garke guda da 'ya'yansu. Ciki wata biyar ne, kuma ɗan da aka haifa ba ya daɗewa yake fara tsalle a kan duwatsu. Sukan sauko su ci ganye su sha ruwa, da sun ji motsi sai su haye inda damisa ba ta iya bin su. Ba ta da faratu, ba ta da haƙoran yaƙi. Duk kariyarta ita ce ta san hanyar hawa inda mai neman ta ba zai kai ba.

Wannan ne Larabawan dauri suka gani suka sa wa 'ya'yansu mata sunanta. A wajensu ita ce misalin abin da yake da kyau kuma hannu ba ya kaiwa gare shi. Suna da karin magana da ke tambayar me zai haɗa arwa da jimina, ana yin ta idan mutum ya cakuɗa abubuwa biyu da ba sa haɗuwa, tunda ɗaya a ƙololuwar dutse take, ɗaya a fili. Malamar ta kuma nuna mini wata ruwaya a cikin Tirmizi da ke cewa addini zai fake a Hijaz kamar yadda urwiyya take fakewa a kan dutse. Ta gaya mini malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin ruwayar, don haka kada in riƙe ta hujja, amma in lura da yadda harshen yake kallon dabbar: idan ana neman misalin mafaka da tsira, ita ake kamawa.

A ofishin nan ne laƙabin da Baba yake kirana da shi ya faɗo mini. Ta-kan-dutse. Haka yake ce mini, kuma bayan rasuwarsa baffanninmu suka ci gaba da kirana da shi. Kowa a gidan ya ɗauka don ina da hawan kujeru da tagogi ne ina rarrafe. Na kira Umma a waya a daren, na ce, "Umma, yaushe Baba ya fara ce mini Ta-kan-dutse?" Ta yi ɗan tunani ta ce ai tun ina cikin zanin goyo, tun ban iya zama ba. Na gaya mata abin da na ji a ranar. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Allah Ya jiƙan Malam. Ashe fassarar ce yake ta faɗa mana." Ma'anar tana cikin gidanmu shekara da shekaru, a bakin kowa, ba wanda ya haɗa ta da sunan.

Daga nan na shiga neman masu sunan. Arwa 'yar Abdulmuɗɗalib tana nan a cikin littattafan tarihin sahabbai, ita da ɗanta Ɗulaib ɗan Umair, wanda ya musulunta tun farkon kira a Makka, kuma an ruwaito ta goyi bayansa a kan taimakon ɗan ɗan'uwanta. Mahaifiyar Sayyidina Usman ɗan Affan, halifa na uku, sunanta Arwa 'yar Kuraiz, kuma ta musulunta ta yi hijira. Matar halifa Mansur na Abbasiyawa, uwar halifa Mahdi, ita ma Arwa ce, wadda aka fi sani da Ummu Musa. Sai na gane abin da ajinmu bai gane ba a wancan lokacin: suna ne da ya yawaita a cikin Ƙuraishawa, har ya hau kan ta kirki da wadda ba ta kirki ba. Matar Abu Lahabi aikinta ne ya kai ta inda ta je. Kuma Manzon Allah (SAW) ya kasance yana canza suna idan ma'anarsa ba ta da kyau. Ya canza wa wata 'yar Sayyidina Umar suna mai ma'anar mai saɓo ya mayar da ita Jamila, ya mayar da Barra Zainab. Matan da suka musulunta da sunan Arwa kuwa da shi suka ci gaba da amsawa.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce sarauniyar Yemen, Arwa 'yar Ahmad ta gidan Sulaihi, wadda aka haifa wajen 1048 ta rasu a 1138. Marainiya ce, a fadar surukanta ta tashi. Da mijinta Mukarram ya kamu da ciwon shanyewar jiki sai ragamar mulki ta dawo hannunta, ta ɗauke fada daga San'a ta mayar Jibla, gari a cikin duwatsu, ta riƙe ƙasar sama da shekara hamsin. A zamaninta ana ambaton sunanta a huɗubar Juma'a, abin da mata ƙalilan ne suka samu a tarihin Musulunci. Daularta tana ƙarƙashin Faɗimiyawan Masar ne a aƙida, kuma ba aƙidata ba ce, amma hakan bai hana ni jinjina wa macen da ta rasa uba tana ƙarama ta kuma tsaya da ƙafarta ba. Masallacin da ta gina a Jibla yana nan har yau, a cikinsa aka binne ta, kuma akwai jami'a mai sunanta a San'a.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne yawan mutanen da ke yawo da sunan dabba ba su sani ba. Usama zaki ne. Haidar zaki ne, kuma Sayyidina Ali da kansa ya yi kirari da shi ranar Khaibar, ya ce shi ne wanda uwarsa ta sa masa Haidara. Fahad dabba ce dangin damisa da ba a kama ta a gudu. Uwaisu ɗan ƙaramin kyarkeci ne, ga shi kuwa sunan Uwaisul Ƙarni ne, mutumin Yemen da Annabi (SAW) ya yabe shi ba su taɓa haɗuwa ba. Rim farar barewa ce. A wajen 'yan'uwanmu Kirista, Rahila tunkiya ce a Ibrananci, Debora kudan zuma, Tabita kuma barewa a harshen Aramiya. Leo da Turawa ke rububinsa yanzu, har ya shiga cikin sunaye goma da aka fi sa wa yara maza a Ingila a 'yan shekarun nan, zaki ne a Latin. An ruwaito cewa an tambayi wani Balaraben ƙauye me ya sa suke sa wa 'ya'yansu sunaye masu kaushi irin su kare da kyarkeci, bayinsu kuma sunaye masu daɗi, ya ce 'ya'yanmu don abokan gabanmu muke sa musu suna, bayinmu kuma don kanmu. Ga maza ana neman dabbar da za a ji tsoro. Ga mata sai a nemi mai kyan ido da wuyar kamu. Ba wanda yake tsokanar Usama da zaki, domin sunan ya yi yawa har kunne ya saba, ma'anar ta kwanta. Wanda ba a saba ji ba shi ake tsarewa da tambaya.

Shi ya sa batun yawa da ƙarancin suna ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Arwa suna ne na yau da kullum a Yemen da Saudiyya da Masar da Sudan, ana kuma samunsa sosai a cikin al'ummar Bohra ta Indiya da Pakistan saboda girman da suke ba waccan sarauniya. Masu kallon labaran duniya za su tuna Arwa Damon, wadda ta yi shekaru tana aiko wa CNN rahoto daga Iraƙi da Siriya. A Amurka kuwa, inda hukuma ke fitar da jerin sunaye dubu da aka fi sa wa jarirai kowace shekara, sunan ba ya cikin jerin. Yarinya mai wannan suna a San'a ba za ta taɓa sanin abin da na sha ba, ni kuma na girma ban taɓa haɗuwa da takwara ko ɗaya ba. Suna ɗaya ne, amma nauyinsa ya danganta da kunnuwan da ke kewaye da mai shi.

Yanzu iyaye matasa sun shiga neman sunayen da ba kowa ke da su ba, kuma intanet ce malamarsu. Na sha duba irin jerin sunayen da ake yaɗawa. Idan suka zo kan nawa sai su rubuta kyakkyawa, ko mai taushi, ko mai kashe ƙishirwa. Akwai masu danganta sunan da tushen kalmar ƙoshi da ruwa, wannan ba ƙarya ba ne, amma dabbar ita ce ma'anar da ƙamusoshin Larabci suka sani, kuma ita ce ake ɓoyewa don kada mai karatu ya gudu. Wannan yana ɓata mini rai ƙwarai. Uwa za ta ɗauki suna tana zaton ta san shi, sai wata rana wani ya jefi 'yarta da ma'anar da ita uwar ba ta taɓa ji ba, yarinyar ta dawo gida da tambaya, a rasa amsa. Na san wannan shirun, na zauna a cikinsa tare da Umma. Ita kanta dabbar ma tana raguwa. Farauta da ƙarancin ruwa da gogayya da dabbobin kiwo sun rage ta har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin dabbobin da ke fuskantar barazana, Saudiyya kuma ta keɓe mata gandu a duwatsun kudu da Riyad. Idan na karanta irin wannan labari sai in ji kamar na wani dangina ne.

Komawa ga sunana bai zo da sauƙi ba. Sai da na bi ƙawayena ɗaya bayan ɗaya ina cewa ba Marwa ba ce, Arwa ce. Wasu suka yi dariyar da na sani tun ina yarinya, har da miƙo tafin hannu. Bambancin shi ne yanzu ina da abin faɗa, kuma na lura mutane suna son ji. Wanda ya fara da tsokana sai ya ƙare da tambayar ma'anar nasa sunan. A wurin aiki akwai wani Fahad da bai san abin da sunansa ke nufi ba sai a bakina. Mijina tun ranar da na ba shi labarin ya koma kirana da laƙabin Baba, kuma ban hana shi ba.

Bara ƙanena ya zo ya same ni, matarsa tana da tsohon ciki, an ce musu mace ce. Shi bai san Baba ba sam, yana ciki aka yi rasuwar. Ya ce, "Yaya, ina so in sa mata sunanki, amma sai kin yarda." Ban amsa masa nan take ba. Na ce ya zo da matarsa, domin ita za ta fi kowa jin abin da za a faɗa wa yarinyar. Da suka zo na zayyana musu komai ban rage ba: tafin hannun da za a miƙo mata, da ranar da za a karanta Tabbat Yada a ajinsu, da masu rubuta takardu da za su mayar da ita Marwa, da kalmar akuya da wani zai ɗauko don ya ƙona mata rai. Sannan na ba su labarin gwaggon Annabi da mahaifiyar Usman da sarauniyar Jibla, na nuna musu dabbar tana hawan dutse da ɗanta a baya. Na ce sharaɗina ɗaya ne, kada su bar ta ta shiga makaranta ba ta san duk wannan ba, mai daɗin da marar daɗin, kuma su faɗa mata da bakinsu tun suna raye.

Ƙanena ya kalli matarsa. Ita kuwa ta karɓi wayar daga hannuna ta sake kallon bidiyon tun daga farko, ta tambaye ni ko da gaske ɗan da ke bin uwar bai fi 'yan kwanaki da haihuwa ba. Na ce haka masana dabbobin suka ce. Ta ce, "To Yaya, ki rubuta mana duk abin da kika faɗa a takarda, da sunayen matan nan da shekarunsu, kada mu manta wani abu. Sunan kuma mun ɗauka."

An haife ta lafiya. Da aka je yi mata takardar haihuwa, uban ya tsaya a kan ma'aikacin yana faɗa masa harafi ɗaya bayan ɗaya, kuma bai bar wurin ba sai da ya karanta abin da aka rubuta da idonsa.